Jinya a Wajen Asibiti: Haɗa Marar Lafiya da Jama'arsa a Ƙasar Rabah, Wurno da Goronyo

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2019 hukumar lafiya ta ƙasar Ingila ta shigar da wani tsari cikin babban shirinta na dogon zango. Idan likita ya lura damuwar marar lafiya ta samo asali ne daga kaɗaici, ko bashi, ko rashin aikin yi, sai ya miƙa shi ga wani ma'aikaci na musamman. Aikin wannan ma'aikaci shi ne ya saurare shi, sa'annan ya haɗa shi da wata ƙungiya ta unguwa da za ta iya share masa hawaye. Wannan maƙala za ta nuna cewa irin wannan taimako yana da tsohon tushe a gabashin Sakkwato, kuma abin da ya yi ƙaranci a yau shi ne mahaɗi tsakaninsa da asibiti.

2.0 Shaidar Harshe

Kalmar "lafiya" ta zarce ƙoshin jiki. Bahaushe yakan tambayi lafiyar gida, da ta dabbobi, da ta gari, ya ce a sauka lafiya, a zauna lafiya. Watau dai kwanciyar hankali da zaman sulhu duk suna cikinta. Kalmar "jinya" kuwa fuska biyu gare ta. In aka ce wane yana jinya, mai yiwuwa shi ne a kwance, mai yiwuwa kuma shi ke kula da na kwancen. Harshen bai raba mai ciwo da mai ɗawainiya da shi ba. Ga kuma "dubiya", wadda ba a cika zuwanta hannu rabbana ba: akan riƙa fura, ko kunu, ko ɗan abin sayen magani. Wanda ya ƙi zuwa dubiya ya jawo wa kansa zargi, domin zumunta a ƙafa take.

3.0 Shaidar Tarihi

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗi ya kuma rasu a can cikin 1837, ya wallafa littattafai a kan ilmin magani. Ƙanwarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'yan taru. Takan naɗa dattijuwa amintacciya a matsayin jaji, ta ba ta malfa alamar muƙami. Jaji ke jagorantar matan ƙauye zuwa wurin Nana, su koyo karatu, su komo su koyar da waɗanda hidimar gida ta hana fita. Ko da yake ilmi ne manufar farko, jaji ta san gidan da ake rashin lafiya da wanda aka yi rashi, ta kuma san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Har ila yau, sarautun sarkin makafi da sarkin kutare da sarkin guragu sun ba masu lalura shugaban da ke kai kukansu fada.

4.0 Halin da Ake Ciki

A ɗauki misalin wata gwauruwa daga Tursa, cikin ƙaramar hukumar Rabah, da ta je ɗakin shan magani da hawan jini da rashin barci. Malamin asibiti zai auna ta, ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ta dawo bayan wata guda. Amma abin da ke hana ta barci shi ne rumbu ya ƙare, gona ba mai nomewa, marayu kuma na kallonta. Maganin wannan yana cikin gari: gayya ta nome gonar, adashin mata ya ba ta jarin ƙuli-ƙuli, makarantar Islamiyya ta fitar da ita cikin 'yan'uwanta mata, liman ya gabatar da sunanta ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jiha. Kwamitin raya mazaɓa, wanda tsarin kiwon lafiya matakin farko ya tanada, shi ya kamata ya zama gada. Sai dai ba a saba malamin asibiti ya tambayi marar lafiya wa ke ciyar da shi ba, balle ya rubuta inda ya tura shi, ko ya bi sawu.

Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a wannan yanki tun daga 2018 sun tarwatsa ƙauyuka da dama. Wanda ya yi gudun hijira zuwa Gandi ko Goronyo ya bar maƙwabtan da za su zo masa dubiya. Akwai kuma cututtukan da kunya ko ƙyama ke sa a ɓoye, kamar yoyon fitsari da taɓin hankali da kuturta. Masu irin waɗannan su ne suka fi bukatar jama'a, su ne kuma jama'a ta fi gudu.

5.0 Kammalawa

Gayya da adashi da dubiya ba za su maye gurbin allura da ƙwaya ba, kuma kuskure ne hukuma ta fake da su ta yi sakaci da asibiti. Abin da ake bukata shi ne kowane ɗakin shan magani ya sami mutum guda, mace ko namiji, wanda gari ya yarda da amanarsa, mai riƙe sirri, wanda ya san liman da mai unguwa da uwar adashi. Shi zai karɓi marar lafiya daga hannun malamin asibiti, ya sada shi da mai taimako, ya komo da bayani. In ana neman sunan da za a kira shi da shi, kalmar "jaji" tana nan, matan ƙasar Sakkwato kuwa ba su manta da ita ba.