Tikitin Neman Aiki Ga Naƙasassu A Amurka

A watan Disamba na 1999 ne Shugaba Bill Clinton ya rattaba hannu kan dokar da ta kafa shirin Ticket to Work, domin naƙasassu masu karɓar alawus, 'yan shekara 18 zuwa 64, su sami horo da taimakon neman aiki kyauta.

Tsoron rasa alawus na zaunar da wasunsu a gida. Saboda haka mai inshorar naƙasa yana da watanni 9 na gwaji, yana cin albashi, alawus bai tsaya ba.

Dabarar tana wajen biyan kamfanonin da ke sama musu aiki: gwamnati ba ta ba su ko kwabo sai mutum ya kama aiki, albashinsa kuma ya kai adadin da aka ƙayyade.