Dallol Bosso Daga Kan Sirdin Keke

Wanda ya shiga mota a Yamai zai nufi Filinge, abin da ke ransa shi ne ya sauka lafiya. Kilomita wajen 180 ne, direba yakan cinye su cikin ƴan sa'o'i, rabin fasinja na gyangyaɗi. Ka tambayi ɗaya daga cikinsu me ya gani a hanya, zai ce maka daji. Mai keke ba zai ba ka wannan amsa ba, domin shi cinyoyinsa ne ke auna ƙasa. Yakan san tudu ya fara tun ido bai gan shi ba. Bayan ya wuce Hamdallay ya sha faƙo da tsakuwa har ya gaji, sai dab da Balleyara ya ji feda ta yi sauƙi, keke na tafiya da kansa. Ya bar tudu ke nan, yana gangarawa cikin wani kwari mai faɗin gaske.

Wannan kwari shi ne Dallol Bosso. Kalmar dallol ta Fulatanci ce, Zabarmawa kuma suna kiran ɓangarensa na kudu Boboye. Gadon tsohon kogi ne. Ya taso daga Azawak can arewa, ya ratso ƙasar Kurfai, ya miƙe kudu har ya faɗa kogin Kwara kusa da Bumba. A zamanin da Sahara take kore, shekaru dubbai da suka wuce, ruwan da ke saukowa daga duwatsun Abzin da na Adrar ta nan yake bi. Da damina ta janye kudu sai kogin ya tsaya, iska da koramu suka cike gadonsa da rairayi. Faɗinsa a wasu wurare ya zarce kilomita 10, shi ya sa wanda ke tsakiyarsa ba ya gane cewa a cikin kogi yake, sai ya ɗaga kai ya hangi duwatsun da suka yi masa katanga.

Su ma duwatsun abin kallo ne. Samansu a baje yake kamar an yanke da wuƙa, saboda marmara mai tauri ce ta lulluɓe su, ƙarƙashinta kuwa dutse ne mai laushi da ruwa ke zaizayewa. Idan na ƙasa ya zaizaye, na sama ya rasa madogara, sai ya ɓalle ya gangaro. Manyan ɓaraguzan da ake gani zube a gindin dutse haka suka zo wurin. Da hantsi launinsu ja ne mai duhu, da yamma kuma kamar garwashi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ruwan bai tafi gaba ɗaya ba, ƙasa ya shige. Rairayi yana shan ruwa kamar soso, don haka duk abin da koramu suka kwaso daga tuddai da damina, cikin kwarin yake nutsewa ya kwanta. A kan tudu mai jan ruwa sai ya saki igiya gaba da yawa kafin wasaki ya taɓa ruwa. A sassa da dama na kwarin kuwa mita kaɗan ake haƙawa. Mai keke yana karanta wannan a jikin itatuwa: a tudu sabara ce da geza, gajeru masu ƙura, da ya sauko sai ga gawo da goruba, ga garake kore shar a tsakiyar rani. Bonkuku, cibiyar ƙasar Imanan, da wannan ruwa na ƙarƙashi ta yi suna a noman dankalin turawa, har kasuwannin Yamai sun san kayanta.

Inda ruwa yake kusa, nan mutane ke taruwa, kuma nan suke yin tarihi. Cikin tafiyar kwana biyu a kan keke za ka ratsa Tagazar da Imanan, inda Abzinawa suka zauna tun kafin zuwan Nasara, ka bi gefen Tondikanja ta Zabarmawa, ka gamu da Fulani da garkensu a bakin rijiya, sannan ka shiga ƙasar Kurfayawa, inda Hausa ke da gida. Kasuwar Balleyara ta ranar Lahadi tana haɗa su duka, raƙuma da shanu da tumaki har ido ya gaji. A Tondikanja ne ƙauyen Fandu yake, mahaifar Janar Seyni Kountché, wanda aka haifa a 1931, ya karɓi mulkin Nijar a ranar 15 ga Afrilu 1974, ya rasu a 1987, aka kai shi can aka binne.

Akwai kuma Shikal, tsohon garin Kurfayawa. A nan ne, wajen 1925, wata mata mai suna Shibo ta fito da wani sabon salon bori da aka sani da Babule, ko Hauka. Masu yinsa suna kwaikwayon sojan Nasara da kwamandojinsu, da tafiyarsu da tsawarsu, suna kuma ƙin biyayya ga sarkin da Faransawa suka ɗaure wa gindi, Gado Namalaya. Hukumar mulkin mallaka ta kama su ta tsare a Yamai, daga baya ta kori wasu daga ƙasar. Abin bai mutu ba, ya bi ƴan ci-rani har Gwalkwas, Ghana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauke shi a fim ɗinsa Les Maîtres fous a tsakiyar shekarun 1950. Ba ina yabon bori ba ne. Amma talakan Kurfai ya nuna wa Nasara bai yarda ba da abin da yake hannunsa, kuma takaici ne a ce ɗalibai a Paris sun san wannan labari, yaron da aka haifa tafiyar sa'a biyu daga Shikal bai taɓa jin sa ba.

Tafiyar kanta tana da ƙa'idoji, kuma babbarsu iska ce. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin a Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, ba mai hankalin da zai yini a kan keke. To amma a watannin sanyi iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, wato daidai inda mai fitowa daga Yamai ya sa gaba. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudunta: idan gudun iskar da ke bugun ƙirjinka ya ninka biyu, turjiyar sau huɗu take ninkawa. Shi ya sa mutum zai yi ta taka feda a shimfiɗaɗɗiyar hanya yana ji kamar dutse yake hawa. Mai dabara sai ya ɗora kekensa a mota zuwa Filinge, ya juyo kudu iska na tura shi. Idan ya fita bayan asuba ya yi kilomita 60 kafin rana ta take, kwana uku sun kai shi Yamai ba tare da ya wahalar da kansa ba.

Da an bar kwalta kuma, maganar rairayi ce da ƙaya. Taya siririya mai iska tam nutsewa take yi. Sai a rage mata iska kaɗan ta baje, inda ya gagara a sauka a tura, ba abin kunya ba ne. Ƙayar aduwa kuwa ba ta da sabo. Wata shekara, kafin hanyoyin nan su lalace da tsoro, tayata ta baya ta sace a wani ƙauye tsakanin Bonkuku da Filinge. Na turo keken har gindin wani gawo inda mai faci yake. Ya zare tif ɗin, ya hura, ya nutsa shi cikin kwanon ruwa yana juyawa a hankali har kumfa ta nuna huda biyu. Sai da ya bi cikin tayar da yatsa ya zaro ƙayar, ya ɗora mini ita a tafin hannu. Wani dattijo da ke saƙar igiyar kaba a gefe ya ce, "Ɗana, ina aka fito da rana haka?" Na faɗa masa. Ya ce, "To ba ka wucewa sai ka jiƙa maƙoshi." Ya aiki jikansa ya kawo fura a ƙwarya, kuma ina sha yana nuna mini dutsen da ya ce kakanninsu kan hau su hango mahara. Da mota nake, da ban ji wannan ba.

A wasu ƙasashe irin wannan hanya dukiya ce. A Faransa an shimfiɗa wa masu keke hanya ta ɗaruruwan kilomita a gaɓar kogin Loire, garuruwan da take ratsawa suna cin abinci da ita. Maƙwabciyarmu Burkina Faso tana tseren Tour du Faso tun 1987. Sai dai gaskiya ɗaya ce: yau ba zan ce wa baƙo ya ɗauki keke ya bi Dallol Bosso ba. Jihar Tilaberi ta daɗe cikin dokar ta-ɓaci. A farkon 2020 an hana hawan babur a sassa da dama nata saboda ƴan bindiga da shi suke kai hari. A ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum takwas, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, a Kure, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa a kudancin wannan yanki. Mutanen ƙauyukan arewacin Filinge sun ga abin da ya fi haka, kuma su ba su da wata ƙasar da za su koma.

Don haka ni ba ƴan yawon buɗe ido nake fara tunani ba. Yaranmu nake tunani, waɗanda keke ya riga ya zama ƙafarsu zuwa makaranta da kasuwa da gona. Ranar da Allah ya sauko da lafiya, malamin tarihi da na kimiyya a Filinge ba sa bukatar kuɗin kowa kafin su fitar da aji guda. Tukunus tana nan arewa, tafiyar kilomita wajen 20, inda tashar gwamnati take kiwo da zaɓen jajayen shanun Azawak tun shekarun 1950. Su fita da sanyin safiya, su tsaya a gindin dutse a nuna musu marmara da abin da ke ƙarƙashinta, su zura igiya a rijiya biyu su gwada zurfi, su ga yadda ake tatsa da yadda ake shanya cuku a kan tabarma. Kafin azahar sun juyo gida, iskar hunturu na bayansu.