Ko Girgizar Ƙasa Tana da Amfani?

Gabatarwa

Girgizar ƙasa ita ce jijjigar da ake ji a doron ƙasa yayin da duwatsun da ke ƙarƙashi suka tsage ko suka goce farat ɗaya, bayan sun daɗe suna matsar juna. Nijeriya ba ta cikin yankunan da ake yawan samun ta, amma ba ta tsira ba. A shekarar 2016 an ba da rahoton jijjigar ƙasa a Ƙaramar Hukumar Ikara, inda Kurmin Kogi take, haka kuma a Kwoi da ke kudancin Jihar Kaduna. A 2018 aka ji ta a Mpape da ke Abuja. Saboda haka, ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya tambayi malami ko wannan masifa tana da wani amfani.

Amfanin da Masana Suka Gano

Na farko shi ne ruwa. Mafi yawan arewacin Jihar Kaduna yana bisa dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sosai, sai inda ya rududduge ko ya tsage. Da yawan waɗannan tsagogi motsin ƙasa na zamanin da ne ya samar da su, kuma su ne masu haƙa rijiyar burtsatse suke nema.

Na biyu, ma'adinai. Ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai yakan bi tsagogin duwatsu ya taso, ya bar abin da ya ɗauko a cikinsu. Ta haka aka sami zinariya a yankin Birnin Gwari da Anka.

Na uku, ilimi. Babu wanda ya taɓa isa tsakiyar duniya, amma ta nazarin yadda jijjigar take ratsa ta, wata masaniya 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta gano a 1936 cewa akwai wani curi na daban a can tsakiyarta.

Na huɗu, darasi kan gini. A 2010 girgiza mai ƙarfin 7.0 ta hallaka fiye da mutum 100,000 a Haiti. A shekarar kuma, wadda ta kai 8.8 ta auka wa Chile, amma waɗanda suka rasu ba su kai 1,000 ba, musamman saboda ƙasar tana bin dokokin gini masu tsauri.

Kammalawa

Ya kamata malami ya rarrabe wa ɗalibai abu biyu. Ita kanta girgizar asara ce ga wanda gidansa ya rushe. Amfanin yana zuwa ne bayan dubban shekaru, ko kuma daga izinar da mutane suka ɗauka. Wajibi ne kuma ya koya musu su nisanci bango mai tsaga, su fake ƙarƙashin tebur mai ƙwari idan ƙasa ta motsa, domin rigakafi ya fi magani.