Zaman jirgin sama: mai son wucewa ya nemi hanya

Kowace shekara, in lokacin hajji ya zo, dubban mutanen karkara na taruwa hilin jirgi na Diori Hamani, a Yamai. Da yawansu ba su taɓa shiga jirgin sama ba. Daga Yamai zuwa Jidda ko Madina tahiyar awa biyar ce ko shida. Cikin wannan dogon zama akwai wata ƴar matsala wadda ba a cika yin maganarta ba. Ita ce yadda mutum zai wuce maƙwabcinsa in yana son zuwa makewayi.

Kujerun jirgi jere suke, sau da yawa uku uku. Ɗaya gun taga, ɗaya tsakiya, ɗaya bakin hanya. Tsakanin gwiwar mutum da kujerar gaba da ƙyar a samu taƙi guda. Na gun taga ba ya da mahita sai ta gaban mutum biyu.

Ga misali dattijo manomi ya samu taga. Hitsari ya matse shi. Na kusa da shi ya yi barci. Tada mai barci abin kunya ne gare shi. Tsallake mutum kuwa, tun yana yaro aka hana shi. Sai ya daure. Da aka kawo ruwa ya ce ya gode, ba ya sha.

Nan ne kunya ke zama cuta. Iskar cikin jirgi busassa ce kamar ta hunturu, tana tsotse ruwan jiki. Zama wuri guda kuma yana iya sa jini ya daskare cikin jijiyar ƙahwa. A shekara ta 2007 ƙungiyar lahiya ta duniya, OMS, ta bayyana cewa tahiyar da ta kai awa huɗu mutum na zamne tana ninka wannan hatsari sau biyu. Tsohi da masu ƙiba sun hi shiga ciki. Ga shi kuma gaba akwai zahin Makka, da ɗawahi, da tsayuwar Arfa.

Abin yi ba shi da wuya. Mai son hita ya duba hitilar ɗamara da ke bisa kansa. In tana kunne, ba a tashi. In ta mutu, sai ya naɗe ɗan teburin da ke gabansa, ya ce: "Gahwara malam, ina son wucewa." In maƙwabcin na barci, ya taɓa kahwaɗarsa sannu. Ba laihi ba ne. Duk wanda ya zamna bakin hanya ya san za a tada shi.

Shi kuma wanda aka roƙa, ya kwance ɗamara ya miƙe tsaye, ya hito cikin hanya. Wasu sai su lanƙwashe gwiwa kawai su ce "wuce". Wannan bai isa ba. Mai wucewa zai goge su da jiki, ko ya taka ƙahwa, ko haraminsa ya maƙale ya kwance gaban jama'a. Kuma kada a riƙe bayan kujerar gaba don a tashi, da mai ita a kanta. A dafa hannun kujera.

In ma'aikata na tura keken abinci, hanya ta toshe, sai a ɗan jira. In na bakin hanya ya tashi don kansa, na ciki su bi shi lokaci guda, an huta da tashi biyu.

Mace da ta samu kanta tsakanin maza tana iya gaya ma ma'aikaciyar jirgi a sake mata wuri in da hali. Mai ciwon sukari da tsoho mai yawan hitsari su roƙi kujerar bakin hanya tun wurin da ake auna kaya, kahin a ba su takardar shiga jirgi.