Sahihiyar Koyarwa a Garin Baƙi

Shirinmu na yau zai kai mu arewa da Agadas, tafiyar kilomita 240 ko da ɗoriya, zuwa Arlit, garin da ƙarfen yuraniyom ya kafa a tsakiyar hamada a 1969, domin mu dubi wani al'amari da ya shafi Kiristocin wannan yanki, wato ingancin abin da ake faɗa musu daga bisa mumbari ranar Lahadi.

Tun da kamfanin Somaïr ya soma fitar da ƙarfe a 1971, Cominak kuma ta bi sahu a Akokan a 1978, neman abinci ya tattaro mutane daga kowace nahiya, a cikinsu har da Kiristocin Benin da Togo da Burkina Faso da Najeriya, da kuma Hausawan Maraɗi da Galmi waɗanda iyayensu suka ji bishara daga bakin 'yan mishan na SIM, masu sauka Damagaram a 1924. 'Yan Katolika suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001, suna da tsohuwar mishan a Cirozerin, inda gawayin kamfanin Sonichar yake samar da wutar da ma'adinan ke aiki da ita. Kiristocin nan jama'a ce ƙalilan a cikin Musulmi masu rinjaye, kuma mafi yawansu baƙi ne.

To, a nan gizo ke saƙar. A garin Tsibiri, alal misali, in saurayi ya miƙe zai yi wa'azi, dattawan ikilisiya sun san ubansa, sun san makarantar da ya yi, sun kuma san wanda ya ɗora masa hannu. Amma a garin da motar Agadas ke sauke sababbin fuskoki kowace safiya, duk wanda ya mallaki kwat da lasifika da zaƙin baki yana iya kama hayar ɗaki, ya jera benci, ya kira kansa manzo ko annabi, babu mai tambayarsa a gaban wa ya durƙusa ya ɗauki karatu. Masu zama a kan bencin nan kuwa mutane ne da ƙunci ya tausasa zukatansu. Ga magidancin da aikinsa ya ƙare ranar 31 ga Maris 2021, sa'ad da aka rufe Cominak, ma'aikata wajen 600 suka koma gida, yana riƙe da ragowar kuɗin sallama. Ga matar da mijinta ke tari tun shekarun da ya yi a cikin rami. Ga saurayin da ya ɗinke guzirinsa a ƙugun wando, yana jiran motar da za ta bi ta Asamaka zuwa Aljeriya. In aka miƙa wa ɗayansu ambulan, aka ce ya shuka iri da jika goma Allah zai mayar masa da ɗari, hannunsa na rawa zai sa, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A ganina wannan zalunci ne, kuma ya fi muni da yake da sunan Ubangiji ake yin sa.

Littafi Mai Tsarki bai yi wa kowa alkawarin cewa imani zai kore talauci da cuta ba. Ayuba adali ne, ya rasa 'ya'ya da dukiya da lafiya. Manzo Bulus da kansa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas yana jinya a Militas, almajirinsa Timoti kuma ya yi ta fama da ciwon ciki. Kuma a wasiƙun da ya rubuta wa Timoti da Titus ya nanata umarnin riƙe sahihiyar koyarwa, ya yi kashedi da masu mayar da ibada hanyar samun riba. Wanda aka karanta masa waɗannan, in musiba ta auka masa, zai yi haƙuri ya nemi magani. Wanda kuwa aka koya masa cewa rashin warkewa alamar raunin imani ce, ciwonsa ya zama biyu, na jiki da na zuciya.

Mutanen Arlit sun san ma'anar tantancewa fiye da kowa. Motar da ta ɗauko dutse daga rami ba ta wucewa masana'anta sai ta tsaya ƙarƙashin na'urar awo, a ga yawan ƙarfen da ke cikin kayanta, domin ido ba ya rarrabe mai albarka da holoƙo. Haka mutanen Biriya suka yi da wa'azin Bulus, kamar yadda littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labari: suka riƙa bincika Littattafai kullum don su tabbatar, aka kuwa yabe su a kan haka. Bahaushe ba shi da uzuri, tun da cikakken Littafi yana hannunsa da harshensa tun 1932.

Musulmi maƙwabtan Kiristocin Arlit ba baƙi ba ne ga wannan ƙa'ida, su da ba sa karɓar hadisi sai da isnadi, ba sa yarda da malami sai sun san shehinsa. Kuma bayan abin da ya faru a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u, hakki ne a kan mai lasifika ya san addininsa sani na haƙiƙa, yadda zai bayyana aƙidarsa ba tare da cin mutuncin kowa ba.

Nauyin gyara yana wuyan dattawan ikilisiya. Su tambayi baƙon mai wa'azi takardar shaida daga inda ya fito kafin su ba shi mumbari, su tura samarinsu makarantar Littafi Mai Tsarki irin ta Agye, su kuma ɗauki nauyin ci da shan fastonsu a fili, a rubuce, yadda buƙata ba za ta tura shi sayar da addu'a ba.