Zango a Gaɓar Bahar Maliya

Ku sani, ya ku malamai da fatake, a wannan zamani akwai wata al'ada da ta yaɗu a ƙasashen Turawa da na Larabawa. Idan aka ba yara hutun makaranta, sai maigida ya fito da motarsa mai ja da ƙafa huɗu, ya ɗaure tanti da tukwane da jarkokin ruwa a bisanta, ya kwashi iyali, su nufi bakin teku inda babu gari, babu kwalta. Can za su yi kwana bakwai ko goma suna kamun kifi, suna kwana bisa rairayi, sa'an nan su komo gida. Ana yin haka a yammacin Ostareliya, da gaɓar Namibiya, da ƙasar Oman, don shan iska kurum.

Mutumin Gwarzo ko na Kabo in ya ji wannan, watakila ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, domin shi daga Kano zuwa tekun Ikko ma tafiyar mil 700 ce a jirgin ƙasa. Amma da zai zauna da dattawan Getso ko na Garo ya tambaye su labarin hanyar Gabas, da ya tarar kakanninsa sun riga waɗannan masu hutu sanin kwanan daji da iyali, da tura mota a cikin yashi, da zaman gaɓar teku wadda ba a shan ruwanta. Su niyyar aikin hajji ta fitar da su, kuma da yawansu ba su komo ba.

Hanyar ta daɗe ana binta da ƙafa da jakuna. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a ya yi gabas, har suka zauna a bakin Shuɗin Nil kusa da Sannar, a garin da ake kira Mai Wurno da sunansa. Daga baya mota ta shigo. A shekarun 1940 Alhaji Muhammadu Nagoda na Kano ya shiga ɗaukar maniyyata a manyan motoci zuwa Sudan. A 1948 kuma Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai wadda ake kira WAPA, sunan da ya bi wani yanki na Fagge. A wannan shekara ce kuma aka fara sayar da Land Rover a Ingila. Sai dai motocin da talakawa suka hau ba irinta ba ne. Manyan motocin kaya ne masu bodin katako, yawancinsu ƙafafun baya kaɗai ke ja.

Tashi sai da kaka. Maigida ya kai gyaɗarsa da audugarsa sikeli ya karɓi kuɗi, ya sayar da sa ko jaki, ya jinginar da gona ga ƙane, ya biya bashi, ya nemi gafarar maƙwabta. Uwargida ta yi mako tana daka: garin gero, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yaji, da ƙuli-ƙuli da dakuwa saboda yara. Malam ya ɗaure gafakarsa da buzu, yara su rataya allunansu. A bi hanyar Gwarzo zuwa Kano, mil 40 da 'yan kai, a yi lamba, a yi allurar shawara, a karɓi fasfo. Daga nan zuwa Sawakin, ko da a miƙe tsuntsu ya tashi, kusan mil 2,000 ne.

Daga Kano sai Yarwa, sai Dikwa da Gamboru, a ƙetare kogi a Kusuri a shiga Fallomi, wadda yanzu ake kira Njamena. Wannan yanki ƙasar firgi ce, baƙar laka wadda in ta sha ruwa ba mota ba, ko doki sai ya yi da gaske. Shi ya sa ba a tafiyar da damina. Daga Fallomi a ratsa Wadai ta Abashe da Adare, a shiga Darfur ta Janaina, a wuce Fashir, a faɗa cikin tuddan rairayin Kurdufan har Al'ubayyid, inda dogo ya iso tun kafin yaƙin duniya na farko.

A cikin wannan rairayi ne ake sanin direba. Idan mota ta kafe, wanda bai ƙware ba sai ya ƙara taka wuta, ƙafafun su yi ta haƙa har ciki ya zauna a ƙasa. Gwani kuwa kashe ta yake yi, ya ce kowa ya sauka. Karen mota ya ɗauko shebur ya yashe gaban tayoyi, a shimfiɗa faranti na ƙarfe ko rassan itace ko tabarmin fasinja, a rage wa tayoyi iska don su baje bisa yashi, a sa ƙaramar giya, maza su kafa kafaɗa. Mota ta yi taku goma, a kwaso faranti a sake kai su gaba. Akan wuni a haka ba a ci mil biyar ba. Da yamma a yi zango a gefen hanya: mata su haɗa murhu da duwatsu uku a bayan mota, a ɗaura zane tsakanin bodi da sanda ya zama musu shamaki, malam ya tara yara a gaban wuta a biya allo kamar ana tsakar gida a Kabo.

Ba kowa ke wucewa kai tsaye ba. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya sauka ya nemi na gaba. An gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, kuma hannun Hausawa da Barebari da Fulani ya tsinci auduga mai yawa a can. Wasu suka yi noman dawa da riɗi a Gadarif. Shekara ɗaya ta zama biyar, biyar ta zama ashirin, aka haifi 'ya'ya, aka aurar da su. Mutanen Sudan suna kiransu Fallata ko Takari, su kuwa da yawansu har tsufa suna cewa a kan hanya suke.

Wanda Allah ya nufa da isa, jirgin ƙasa zai ratsa da shi duwatsun ƙasar Beja, ya wuce Sinkat, ya gangaro wani fili mai faɗi, fari fat, babu inuwa. A ƙarshen filin nan sai ga Bahar Maliya. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinsu ba yakan sheƙa a guje ya kamfata ya kai baki, ya tofar, ya dubi uwarsa. Wannan shi ne darasin farko na gaɓar: ga ruwa iya ganin ido, ga ƙishirwa. Kashi 4 cikin 100 na ruwan Bahar Maliya gishiri ne, alhali manyan tekuna kashi 3 da rabi ne, domin rana tana ƙone shi, kuma babu wani kogi mai gudu rani da damina da ke zuba a cikinsa. Ɗan ruwan saman da ake samu a gaɓar da hunturu yake sauka, lokacin da ƙasar Kano ke fama da hazo, kuma abin da ke zuba a shekara bai kai na wata ɗaya na tsakiyar daminar Gwarzo ba. Da bazara zafi yakan haura awo 40. Birnin Bur Sudan kansa, wanda Ingilishi suka fara ginawa a 1905, ya daɗe yana dogara da kwarin Arba'at don ruwan sha. Da madatsar kwarin ta ɓalle a Agustan 2024, mutane suka halaka, birnin ya shiga ƙuncin ruwa.

Sawakin tana kudu da Bur Sudan da kamar mil 40. Tsohon garin a kan ɗan tsibiri yake, an gina benayensa da dutsen murjani da aka ciro daga teku. Da aka mai da ciniki Bur Sudan sai attajirai suka tashi, benayen suka yi ta zubewa. Amma alhazai ba su daina zuwa ba, gama a nan aka ajiye wurin killace su saboda annoba. A bayan gari, a fili, iyalan ƙasar Hausa suka kafa rumfunan tabarma da buhu, suna jiran jirgin da zai ƙetare da su zuwa Jidda, tafiyar kamar mil 200. Ruwa saye ake yi a salka. Mace mai dabara ta soya ƙosai ta sayar, namiji ya yi dako ko wanki ko yankan farce, a tara kuɗin jirgi.

Malamai sun san wahalar wannan gaɓa ba sabuwa ba ce. Can arewa akwai kufan Aizab, tashar da alhazan Misira da Magrib suka riƙa bi a zamanin da. Ibn Jubair na Andalus ya bi ta nan a 1183, ya ba da labarin ƙarancin ruwa da abinci, da jiragen da ake ɗinke katakonsu da igiya babu ƙusa, da yadda masu su ke cusa mutane don kwaɗayin kuɗi. Ibn Battuta ya iso a 1326 ya tarar ana yaƙi tsakanin Beja da masu mulkin Misira, an nutsar da jirage, dole ya juya. Wannan kwaɗayi na masu jirage bai mutu ba har zamanin motoci. Wanda ba shi da takarda ko kuɗin babban jirgi yakan bi dare zuwa wani lungu na gaɓar, ya hau ƙaramin jirgin iska da ake kira sambuk. Akwai waɗanda aka sauke a bakin da babu rijiya, nesa da Jidda, aka ce musu gari na nan kusa. Akwai kuma yaran da aka raba da iyayensu aka sayar, gama ba a haramta bauta a Sa'udiyya ba sai a 1962.

Daga wannan duka mutanen hanya suka fitar da ƙa'idodi, kuma su ne dai masu yawon hutu na yau suke karantawa a littattafansu. Ta farko, lissafin ruwa kafin lissafin mai. A irin wannan zafi mutum ɗaya yana bukatar galan guda a wuni don sha kawai. Garwa galan 4 take ci, saboda haka gida mai mutum 8 garwa 2 ne kullum, ban da girki, ban da abin da lagireto zai sha, ban da na kwanakin da mota za ta lalace. Fikihu ma ya sauƙaƙa: ruwan teku yana tsarkakewa, a yi alwala da shi, kuma matafiyin da ya ji tsoron ƙishirwa ga kansa ko abokan tafiyarsa ya yi taimama ya bar na salka. Ta biyu, mota ɗaya ba ta shiga inda babu mutane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ɗaya ta kafe ɗaya ta ja ta. Ta uku, a yi sammako, domin yashi ya fi tauri da sanyin asuba, a huta da tsakar rana. Ta huɗu, a ji tsoron fili mai santsi a bakin teku wanda Larabawa ke kira sabka: samansa ɓawon gishiri ne, ƙarƙashinsa taɓo, kuma mai ja da ƙafa huɗu in ta faɗa, da ƙafa huɗun take nutsewa. Ta biyar, kada a yi zango a cikin busasshen kwari don daɗin yashinsa, gama ruwan da ya sauka a kan duwatsu yakan iso da dare ba tare da an ga hadari ba. Ta shida, in mota ta mutu a zauna a inuwarta, kada a watse neman taimako da ƙafa. Ta bakwai, a nemi ɗan ƙasa ya yi jagora, a girmama shi. Rijiyar da Hadandawa suka sani ba ta cikin taswira.

Tun daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano, sannu a hankali ya ƙwace wa mota aikin, tafiyar watanni ta koma ta sa'o'i. Gaɓar kuwa ta sami wasu baƙin: a 2016 aka sa tsibiran murjani na Sanganeb da mashigin Dungunab cikin wuraren tarihi na duniya, masu nutso da masu tanti suna zuwa kallon kifaye. Sa'an nan yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023. Janaina da Fashir, inda ayarin Kano ya saba sauke kaya, suka zama fagen fama, aka zubar da jinin bayin Allah masu yawa. A watan Mayu na shekarar aka kwaso ɗaliban Nijeriya, waɗansu ta iyakar Misira, waɗansu ta Bur Sudan, watau jikoki suka fito da gudu ta ƙofar da kakanni suka shiga da fata.

Saura dattawa kaɗan a ƙasar Gwarzo da Kabo waɗanda suka yi wannan tafiya a bayan iyayensu mata ko a kan buhunan gero. Wanda yake da irinsu a gida ya zauna da su tun suna raye, ya rubuta sunayen zangon da suka sauka, da na 'yan'uwan da aka bari a Mai Wurno ko Gadarif ko Sawakin, domin zuriyar can tana cikin wahala, kuma ba a neman dangin da ba a san sunansa ba. Allah ya kwantar da wutar Sudan, ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya. Haza wasalam.