Wa Ke Jagorancin Bincike, Wa Ke Biyan Kuɗinsa?



Duk wanda ya taɓa noman wake ya san ɓarnar ƙwaron wake. A kai buhu ɗaki da kaka, wake fari tas. Bayan wata uku ko huɗu a kwance bakinsa, a tarar duk ya huje, rabinsa ya koma gari. Tsoron wannan hasara ke sa manoma da yawa su sayar da wakensu tun da kaka, lokacin da ba shi da daraja. Wasu kuma su zuba masa maganin ƙwari, wanda yake iya zama guba ga iyali idan aka ci.

Yau akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda yake tsare wake ba tare da an zuba magani ba. To, wannan buhu ba daga sama ya faɗo ba. Masana ne suka yi shekaru suna bincike kafin a same shi. Wani ya jagoranci aikin, wani kuma ya biya kuɗinsa. Labarin buhun zai nuna mana yadda ake gudanar da bincike, da dalilin da ya sa wannan magana ta shafi rumbun kowane ɗayanmu.

Mene ne bincike?

Bincike shi ne neman amsar wata tambaya ta hanyar gwaji. Manomi ma yana yin bincike. Idan ya shuka iri biyu a gona guda don ya ga wanda ya fi, gwaji ya yi. Abin da masani ya ƙara a kai shi ne: yana aunawa, yana ƙirgawa, yana rubutawa. Yana maimaita gwajin a wurare da dama, shekara bayan shekara, har ya tabbata cewa abin da ya gani ba sa'a ba ce kawai. Daga nan sai ya miƙa sakamakon ga sauran masana su duba, ko za su ga kuskure. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yadda aka samo buhun

A shekara ta 1987, masanan jami'ar Purdue ta ƙasar Amurka suka haɗa kai da masanan ƙasar Kamaru a garin Marwa, domin neman hanyar ajiyar wake. Jagoran aikin shi ne Larry Murdock, masanin ƙwari. Kuɗin kuwa sun fito daga hukumar taimakon ƙasashen waje ta gwamnatin Amurka, wato USAID.

Masanan sun fara da tambayar manoma yadda suke ajiya. Sannan suka gwada dabaru iri iri: cakuɗa wake da toka, shanya shi a rana ƙarƙashin leda don zafi ya kashe ƙwaro, da kuma ɗaure shi cikin leda uku, wata cikin wata. Suka gano cewa ƙwaro ma numfashi yake yi kamar mu. Idan aka ɗaure wake tam cikin leda mai kauri, ƙwarin da ke ciki sai su shaƙe ƴar iskar da ta rage. Daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu.

Dabara ta samu, amma ba ta bazu sosai ba. Ledar da ta dace tana da wuyar samu a kasuwa, kuma babu kuɗin da za a kai labari ƙauye ƙauye. Haka aka zauna wajen shekara 20.

A shekara ta 2007, gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba jami'ar Purdue sama da miliyan 11 na dalar Amurka, wato fiye da miliyar 5 na sefa a canjin wancan lokaci, domin aikin shekara 5 a ƙasashe 10 na Afirka. Nijar tana cikin ƙasashen da aka fara da su. A Maraɗi, Ibrahim Baoua, masanin ƙwari na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, yana cikin waɗanda suka gwada buhun, suka tabbatar da amfaninsa. Aka gyara shi ya zama leda biyu masu kauri a ciki, da buhu mai ƙarfi a waje. Wata masana'anta a Kano ta shiga ƙera shi, ƴan kasuwa suka shiga sayarwa. Aka nuna shi a ƙauyuka sama da 30.000. A gaban jama'a ake ɗaure buhun, bayan wasu watanni a dawo a kwance shi a gabansu, kowa ya gani da idonsa.

Ga darasi na farko: sani shi kaɗai bai isa ba. Sai da aka haɗa shi da kuɗi da kyakkyawan jagoranci sannan ya iso hannun manomi.

Mene ne aikin shugaban bincike?

Kowane shirin bincike, wanda muka saba kira poroje, yana da shugaba. Aikinsa ya yi kama da na mai gida a gandu. Ba shi kaɗai ke noma ba, amma idan gandu ya lalace shi za a tambaya. Ga manyan ayyukansa:

1. Zaɓen tambaya. Matsaloli suna da yawa, kuɗi kaɗan ne. Shi zai tantance wadda ta fi damun jama'a, kuma wadda ake iya samun maganinta.

2. Neman kuɗi. Yana rubuta takarda ya bayyana abin da zai yi, shekarun da zai ɗauka, da abin da zai kashe. Masu ba da kuɗi sukan karɓi takardu da yawa, su ba wasu masana su auna, su zaɓi kaɗan. Wanda aka ƙi tasa sai ya gyara ya sake nema.

3. Haɗa ma'aikata. Buhun wake ya bukaci masanin ƙwari, masanin harkar kasuwa, mai ƙera leda, malaman gona da ma'aikatan rediyo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Riƙon amana. Duk dalar da aka kashe sai an rubuta ta, an ajiye shaidarta. Masu binciken kuɗi suna zuwa su duba.

5. Faɗin gaskiya. Idan gwaji bai yi ba, wajibi ne ya ce bai yi ba. Shugaban da ya ɓoye gaskiya don kada a yanke masa kuɗi ya cuci manomi, domin manomi ne zai shuka irin da ba shi da amfani.

6. Horar da matasa. Ɗalibai daga jami'a suna koyon aiki a ƙarƙashinsa, domin a samu magada.

Ina kuɗin suke tafiya?

Wani zai ce, me ake yi da waɗannan miliyoyi? Akwai albashin masana da na ma'aikatan gonar gwaji. Akwai mota da mai na zagaya ƙauyuka. Akwai kayan awo na ɗakin bincike, waɗanda mafi yawansu daga waje ake sayo su. Akwai wutar lantarki ta ɗakin sanyi inda ake ajiye iri don kada ya mutu. Akwai kuɗin karatun ɗalibai.

Abin da ya fi duka tsada shi ne lokaci. Fitar da sabon irin hatsi yakan ɗauki shekara 8 zuwa 10, domin sai an haɗa iri da iri, an zaɓa, an sake shukawa, damana bayan damana. Irin hatsin nan HKP mai saurin nuna, da CIVT wanda aka fitar a Tarna kusa da Maraɗi, duk ta wannan doguwar hanya suka biyo.

Daga ina kuɗin suke fitowa?

Hanyoyi uku ne manya.

Ta farko ita ce baitulmalin ƙasa, wato kuɗin lanho da sauran harajin da muke biya. An kafa INRAN a shekara ta 1975. Kafin nan, wata cibiya ta ƙasar Faransa ce ke riƙe da binciken noma a Nijar. INRAN tana da mazauninta a Yamai, da cibiyoyi a wurare kamar Kolo, Maraɗi da Tawa. Akwai kuma jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa waɗanda aka kafa a 2010. Gwamnati ce ke biyan albashin malamansu.

Ta biyu ita ce bashi. Daga 1990 zuwa 1998, Bankin Duniya ya ranta wa Nijar kuɗi domin wani babban shiri na binciken noma. Da su aka yi gine-gine, aka sayi kayan aiki, aka tura masana ƙaro karatu. Amma bashi sai an biya, kuma ƴan ƙasa ne ke biyansa.

Ta uku ita ce taimakon waje, daga gwamnatocin wasu ƙasashe ko daga gidauniyar masu hannu da shuni. Da irin wannan kuɗi cibiyar ICRISAT take aiki. An kafa ta a ƙasar Indiya a 1972, tana kuma da babban reshe a Sadore, kudu da Yamai. Ita ce ta fitar da irin hatsin nan Chakti a Nijar a 2018, wanda yake da sinadarin ƙarfe mai yawa, mai taimakon mata da yara wajen yaƙi da ƙarancin jini.

Kayan aro ba ya rufe katara

Taimakon waje ya yi mana rana, babu mai musun haka. Amma yana da illa guda biyu.

Illa ta farko: yana da wa'adi. Poroje yakan yi shekara 3 zuwa 5, alhali sabon iri yana bukatar wajen 10. Idan kuɗi suka yanke a tsakiya, wahalar shekarun baya tana iya tashi a banza. Bayan ƙarewar shirin Bankin Duniya a 1998, kuɗin aikin INRAN sun ragu ƙwarai. Gwaje-gwaje da yawa suka tsaya, wasu ƙwararrun masana suka tafi neman aiki wani wuri. Haka kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID, wadda da kuɗinta aka fara binciken buhun wake. Shirye-shiryen binciken noma da dama da jami'o'in Amurka ke yi tare da ƙasashen Afirka suka tsaya cik.

Illa ta biyu: mai ba da kuɗi yana da ta cewa wajen zaɓen abin da za a bincika. Wani lokaci bukatarsa takan dace da tamu, wani lokaci kuwa a'a. Idan babu wani na waje da ya damu da wani tsiro ko wata cuta ta yankinmu, sai a rasa mai duba su.

Shugabannin Afirka sun san da wannan. A taron Maputo na 2003 sun yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗin ƙasa domin noma. A 2006 kuma, a birnin Khartum, aka amince kowace ƙasa ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara wajen bincike. Wato cikin kowace jika 100, a ware jika 1. Mafi yawan ƙasashen ba su cika wannan alkawari ba. Alhali kuwa da ruwan ciki akan ja na rijiya: ƙasar da ta zuba nata kuɗin ita ce ke iya faɗin abin da take so a bincika mata.

Ina rabon manomi a ciki?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomi ba ɗan kallo ba ne a wannan aiki. A jihar Maraɗi, tarayyar ƙungiyoyin manoma ta FUMA Gaskiya ta nuna haka. Da tallafin gidauniyar McKnight ta Amurka, ta haɗa kai da masana, manoma maza da mata suka riƙa yin gwaji a gonakinsu. Daga cikin abin da suka gwada akwai shuka hatsi cikin ƴan dunƙulen ƙasa da aka haɗa da toka ko ɗan taki. A nan, manoma suna cikin masu jagorancin aikin, ba masu jiran sakamako kaɗai ba.

Ga abin da kowannenmu yake iya yi:

Idan masana suka zo ƙauyenku, ku tambaye su cikin mutunci: me kuke nema? Wa ya ba da kuɗin? Shekara nawa aikin zai yi? Yaushe za ku dawo ku faɗa mana abin da kuka gano?

Idan an ba ka iri ka gwada, ka shuka shi kusa da naka na gargajiya. Ka rubuta ranar shuka, ranakun ruwa, da yawan damman da kowanne ya ba ka. Ka faɗi gaskiya, ko da sabon irin bai yi ba.

Ku tattara matsalolinku a taron ƙungiya, ku rubuta su, ku miƙa wa malamin gona. Kukan ƙungiya ya fi na mutum guda isa nesa.

Ku riƙa tuna wa shugabanni da wakilanku cewa bincike yana bukatar kuɗin gida, kowace shekara, ba sai an jira baƙo ba.

Ƴan uwa, manomi mai hankali ba ya cinye irinsa, komai tsananin yunwar bazara, domin ya san damana tana tafe. Kuɗin da ƙasa ta zuba a bincike su ne irinta. Ranar da za ka ɗaure bakin buhunka mai ninki uku, ka tuna da shekarun da aka yi kafin ya zo hannunka, ka kuma tambayi kanka: wa zai biya kuɗin binciken da ƴaƴanmu za su amfana da shi?

Allah ya ba mu damana mai albarka.